Yadda hanta ke amsa kiran sinadarin girma, da abin da ke hana ta amsawa a jikin yaro mai tamowa

Abuja — Binciken lafiya da yanayin jama'a na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2023 da 2024 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu ya gaza abin da ya kamata ga shekarunsu. A binciken 2018, wanda Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar, adadin kashi 37 ne, kuma nauyin ya fi faɗawa kan Arewa maso Yamma da kashi 57, yayin da Kudu maso Gabas ke da kashi 18.

Idan yaro ya ƙi tsawo, iyaye kan ce gado ne, ko kuma su shiga neman magani. Wasu da suka ji labarin allurar sinadarin girma kan ɗauka cewa ita ce mafita. Binciken likitoci na fiye da shekara hamsin ya nuna cewa yawancin yaran da tamowa ta tsumburar suna da wannan sinadari a jininsu, wani lokaci ma fiye da na yara masu ƙoshin lafiya. Inda maganar take tsayawa ita ce hanta, wadda saƙon ke isa gare ta amma ta ƙi aiki da shi.

Daga ƙwaƙwalwa zuwa hanta

Sinadarin girma homon ne, wato ɗan saƙon da wani sashen jiki ke zubawa a cikin jini don ya ba wani sashe umarni. Wani ɗan ƙulli mai suna fituwitari ne ke samar da shi. Ƙullin bai wuce girman ƙwayar wake ba, yana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma sashen haifotalamus da ke samansa ne ke juya shi da sinadarai biyu: ɗaya na cewa a saki, ɗaya na cewa a dakata. Saboda wannan ja-in-ja, sinadarin ba ya kwarara kamar ruwan famfo. Yakan fito ne a tunkuɗe lokaci-lokaci, kuma tunkuɗa mafi girma tana zuwa da dare, jim kaɗan bayan barci ya yi nauyi. Cikin kimanin minti 20 rabinsa ya riga ya ɓace daga jini.

Da farko masana sun ɗauka cewa shi ne ke zuwa ƙashi kai-tsaye ya sa shi tsawo. A 1957 William Salmon da William Daughaday na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka gwada wannan zato. Sun ɗauki guringuntsin ɓeran da aka cire wa fituwitari suka zuba masa sinadarin girma a cikin kwalba, bai nuna wani motsin kirki ba. Da suka yi wa ɓeran allurar sinadarin, sannan suka ɗebi ruwan jininsa suka zuba wa guringuntsin, sai ya kama aiki. Ashe akwai ɗan aike na biyu a tsakani. A 1978 Ernst Rinderknecht da René Humbel a birnin Zurich suka fayyace ƙirarsa: furotin ne mai tubalan amino asid 70, kuma ya yi kama da insulin ƙwarai. Daga wannan kamanni ya samo sunan da ake kiransa da shi yau, IGF-1. Kusan kashi uku cikin huɗu na IGF-1 da ke yawo a jini hanta ce ke yin sa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar hanta

Kowace ƙwayar hanta tana ɗauke da cikakken kundin gadon mutum, DNA, a cikin cibiyarta. A kundin akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da umarnin ƙera furotin, amma ba duka ake karantawa a lokaci guda ba. Wasu a rufe suke har abada a wannan ƙwaya, wasu kuma sai an zo da izini ake buɗe su. Ƙwayar gadon IGF-1, wadda ke kan kuromosom na 12 a jikin ɗan Adam, tana cikin masu jiran izini.

Sinadarin girma ba ya kai saƙon cibiya da kansa. A jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar akwai makarɓarsa, furotin guda biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kawunansu a waje, ƙafafunsu a ciki. Sinadari ɗaya yakan kama kawunan biyu, sai ƙafafun da ke ciki su sauya tsayuwa. A jikin kowace ƙafa akwai wani furotin mai suna JAK2 da ke maƙale, a kwance. Sauyin tsayuwar yana haɗa JAK2 biyun fuska da fuska, kowanne ya tayar da ɗan'uwansa. Ɗakin binciken Christin Carter-Su a Jami'ar Michigan ne ya gano wannan rawa ta JAK2 a 1993.

Aikin JAK2 shi ne manna ɗan guntun sinadarin fosfet a jikin wasu furotin, kamar yadda akawu ke buga hatimi a takarda. Yana buga wa ƙafar makarɓar hatimi, sai wurin ya zama masauki ga wani furotin da ke zirga-zirga a cikin ƙwayar, mai suna STAT5b. Shi ma ya sauka a buga masa nasa. STAT5b biyu masu hatimi sukan rungumi juna, su shige cibiya, su nemi wuraren da ke ɗauke da wata alama a jikin DNA: haruffan TTC, sai wasu haruffa uku, sai GAA. Da sun zauna a kan alamar, sai su jawo na'urar da ke kwafar umarni, a fara fitar da kwafin saƙon IGF-1, wanda daga shi ake ƙera furotin ɗin.

Peter Rotwein da abokan aikinsa a Amurka, waɗanda suka shafe shekaru kan wannan tambaya, sun nuna cewa a hantar ɓera kwafar umarnin tana farawa cikin rabin sa'a bayan allurar sinadarin girma. A 2003 suka gano wurin da STAT5b ke zama a cikin ƙwayar gadon, daga baya kuma aka gano wasu wuraren, har da waɗanda ke nesa da mafarin karatun da dubban haruffa. Zaren DNA yakan lanƙwaso ya kawo na nesa kusa.

Hanta ba ta sakin IGF-1 shi kaɗai. Idan ya fita babu rakiya, cikin 'yan mintoci zai ɓace. STAT5b ɗin nan shi ne kuma ke buɗe ƙwayar gadon wani furotin mai suna ALS, wanda ke haɗuwa da IGF-1 da wani marakin, IGFBP-3, su zama dunƙule uku da ke daɗewa a jini fiye da sa'a 12. Ta haka hanta ke mayar da tunkuɗar dare mai saurin wucewa ta zama tanadin da jiki ke ɗiba yini guda. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai faifan guringuntsi, kuma a nan IGF-1 ke sa ƙwayoyi su hayayyafa, su kumbura, su rikiɗe su zama ƙashi.

Tsarin yana da birki har biyu. IGF-1 da ke jini yakan koma ƙwaƙwalwa ya sa a rage sakin sinadarin girma. A cikin ƙwayar hanta kuma, STAT5b da kansa yana buɗe ƙwayar gadon SOCS2, furotin da ke komawa ya kashe makarɓar. A 2000 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun samar da ɓerayen da ba su da SOCS2, suka girma suka zama ƙatta a cikin 'yan'uwansu.

Shaidar da ta fito daga jikin mutane

Gwajin ɓera ba ya wadatarwa, amma akwai mutanen da aka haifa da naƙasa a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma jikinsu ya tabbatar da labarin. A 1966 Zvi Laron, likitan yara a Isra'ila, ya ba da rahoton wasu 'yan gida ɗaya masu tsananin gajarta, alhali jininsu cike yake da sinadarin girma. Daga baya aka gano cewa makarɓarsu ce ba ta aiki, don haka hantarsu ba ta jin kira, IGF-1 kuma ya yi ƙaranci. Mafi yawan masu wannan lalura da aka sani a wuri ɗaya suna kudancin ƙasar Ekwado, inda likita Jaime Guevara-Aguirre ya bi lafiyar kusan mutum ɗari na tsawon shekaru. Rahoton da ya fitar tare da Valter Longo a 2011 ya ja hankalin duniya, domin ciwon daji da ciwon sukari sun yi matuƙar ƙaranci a cikinsu. Wannan na tunatar da cewa yawan IGF-1 ba alheri ba ne zalla. A 2003 kuma aka ba da rahoton wata yarinya daga Ajantina mai lafiyayyar makarɓa amma gurɓataccen STAT5b. Gajartarta ta yi daidai da ta masu lalurar Laron, ga kuma raunin garkuwar jiki, saboda ƙwayoyin garkuwa ma da STAT5b suke aiki.

Sai dai bai kamata a ba hanta duk yabon ba. A 1982 Olle Isaksson da abokansa a Suwidin sun yi allurar sinadarin girma kai-tsaye a faifan ƙashin ƙafa ɗaya ta ɓera, ƙafar ta fi ɗayar tsawo. A 1999 kuma ƙungiyoyin bincike biyu suka goge ƙwayar gadon IGF-1 a hantar ɓeraye kaɗai. IGF-1 na jini ya faɗi da kusan kashi 75 cikin 100, amma ɓerayen suka girma kusan daidai da sauran. Sai da aka ƙara rage shi ta hanyar cire ALS ma sannan girman ya ragu a fili, ƙasusuwan suka sirance. Fahimtar da aka tsaya a kai ita ce ƙashi na yin nasa IGF-1 a wurin, hanta kuma na ba da na jini, kuma girma na buƙatar duka biyun. Muhimmancin na hanta ga likita shi ne, shi ake iya aunawa, kuma abin da ya danne shi yawanci ya danne na ƙashi.

Lokacin da hanta ta toshe kunne

A 1966, shekarar da Laron ya fitar da rahotonsa, Bernard Pimstone da abokansa a birnin Cape Town suka auna jinin yara masu kwashiyoko, nau'in tamowa mai kumbura jiki wanda Cicely Williams ta bayyana a Gana a shekarun 1930. Sun tarar da sinadarin girma ya yi sama, kuma sai da aka ciyar da yaran furotin ya sauko. A 1973 aka tabbatar da ɗaya ɓangaren: ɗan aiken na biyu ya yi ƙasa a irin waɗannan yara. Hoton jininsu ya yi kama da na lalurar Laron, sai dai nasu yunwa ce ta kawo shi, kuma abinci na iya warware shi.

Akwai hikima a cikin wannan. Sinadarin girma yana da aiki na biyu wanda bai shafi IGF-1 ba: yana narkar da kitse don jiki ya samu makamashi, yana kuma taimakawa kada sukarin jini ya faɗi. Jikin da ke cikin yunwa yana buƙatar wannan aiki, ba shi da halin gina sabon ƙashi. Saboda haka hanta ta rufe hanyar girma, IGF-1 ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ga ya ragu ta ƙara sakin sinadarin, shi kuma ya tafi kan kitse. Jiki ya jingine tsawo don ya tsira da rai.

Hanta tana gane halin da ake ciki ta hanyoyi da dama. Duk jinin da ya kwaso abinci daga hanji ta cikinta yake fara bi, tare da insulin da ke fitowa bayan cin abinci. Insulin na ƙara yawan makarɓan sinadarin girma a jikin ƙwayar hanta. Idan ya yi ƙaranci, makarɓan su ragu. Shi ya sa yara masu ciwon sukari nau'i na ɗaya da ba sa samun isasshen insulin kan yi jinkirin girma. Idan yunwa ta yi tsawo, hanta na fitar da wani homon mai suna FGF21, wanda gwajin ɓeraye a 2008 ya nuna yana rage STAT5 mai hatimi. Ƙarancin amino asid na rage kwafin saƙon IGF-1, haka ma ƙarancin sinadarin zinki. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar North Carolina a farkon shekarun 1980 sun nuna cewa manyan da suka yi kwanaki ba su ci komai ba, IGF-1 ɗinsu ya faɗi da fiye da rabi, kuma bai dawo daidai ba sai da abincin ya haɗa isasshen makamashi da isasshen furotin. Maganar a nan ta kwanaki a jere ce babu ci ko kaɗan, ba irin azumin da ake buɗe baki da magariba ba.

Wannan sakamako na da ma'ana ga gidan da ake yaye yaro da kunu tsantsa. Kunun gero ko koko na cika ciki, amma ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma furotin ɗin hatsi ba shi da wadatar wasu amino asid da jiki ke buƙata. Wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, kifi da nono su ne ke cike giɓin. Lokacin ma yana da muhimmanci. A cikin mahaifa da watannin farko bayan haihuwa, IGF-1 ya fi dogara da abinci da insulin. Jariran da ke da lalurar Laron kan zo duniya da girman da bai yi nisa da na sauran ba. Dogaro da sinadarin girma yana ƙarfafa ne a hankali cikin shekarar farko, daidai lokacin da ake gabatar da abincin yaye kuma yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Binciken ƙasa ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nonon uwa zalla.

Cuta ma tana rufe wannan ƙofa ko da abinci na nan. Idan jiki na yaƙi da ƙwayar cuta, garkuwa na fitar da sinadarai irin su IL-6, waɗanda ke sa hanta ta ƙera furotin na dangin SOCS, birkin da aka ambata a baya. A 1997 masu bincike a Italiya sun nuna cewa ɓerayen da aka sa jikinsu ya yawaita IL-6 sun tsumbure, IGF-1 ya ragu, alhali sinadarin girmansu daidai yake. A 2014 Andrew Prendergast da abokansa suka ba da rahoton irin wannan a jariran Zimbabuwe: waɗanda suka tsumbure suna da ƙarin alamun kumburi a jini da ƙarancin IGF-1 tun suna 'yan makonni. Yaron da ke fita daga gudawa ya shiga zazzaɓin cizon sauro, ya fita ya shiga ƙyanda, hantarsa kan shafe watanni da birki a danne.

Akwai kuma gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke samarwa a masara da gyaɗar da aka adana da danshi, kuma hanta ce sashen da ta fi yi wa illa. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya samu gubar a jinin kusan dukkansu, kuma ta fi yawa a jikin waɗanda suka tsumbure. Wani gwaji da aka yi daga baya a Kenya, inda aka rage gubar a abincin gidaje, bai nuna ƙarin tsawo ba a ƙarshensa, don haka masana na taka-tsantsan wajen ɗora mata laifin tsumburewa. Illarta wajen haddasa ciwon dajin hanta kuwa tabbatacciya ce, kuma saboda ita Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, da ake watsawa a gona don rage fumfuna mai guba.

Batun gado fa? Tsawon iyaye na tasiri, babu shakka. Amma ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda da shi ake tantance tsumburewa, an gina shi ne da yara daga Barazil, Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka, kuma an tarar cewa idan aka ba su kulawa iri ɗaya, yaran Accra da na Oslo tsawonsu na tafiya kusan tare a shekarun farko. Uwar da ta tsumbure tun tana yarinya ta fi yiwuwar haifar ɗan ƙaramin jariri, abin da ke sa matsalar ta yi kama da gado a cikin zuri'a.

A ɗakin likita

Akwai yaran da da gaske fituwitarinsu ba ya samar da isasshen sinadarin girma, kimanin ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000. Su ne allurar ke yi wa amfani sosai. Tun 1985 ake haɗa ta a masana'anta, bayan an daina amfani da wadda ake tatsa daga gawarwaki saboda ta yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa. Masu lalurar Laron kuwa IGF-1 ɗin kansa ake ba su, wanda Amurka ta amince da shi a 2005. Tantance irin waɗannan yara aikin ƙwararrun likitocin yara ne a manyan asibitoci irin su Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Likita ba ya dogara da awon sinadarin girma sau ɗaya, tunda tunkuɗa yake zuwa, kuma lafiyayyen yaro ma na iya nuna kusan babu da rana. IGF-1 ya fi tsayawa wuri ɗaya, don haka shi ake fara dubawa, tare da hoton ƙashin hannun hagu da tarihin tsawon yaron. A ƙasa irin Najeriya sakamakon na buƙatar karatu da natsuwa, domin tamowa, amosanin jini, ciwon ƙoda, raunin maƙoƙo da ciwon hanta duk suna saukar da IGF-1. Binciken NAIIS na 2018 ya samu ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, kuma hantar da ta ƙeƙashe ba ta iya amsa kiran yadda ya kamata.

Magungunan dangin deksametazon, da wasu ke sha ba da umarnin likita ba don neman ƙiba, suna kumbura fuska da jiki amma suna danne girman ƙashi a jikin yaro idan aka daɗe ana sha. Bayan balaga kuma faifan guringuntsin yakan rufe ya zama ƙashi, kuma daga nan babu allura ko garin magani da ke ƙara tsawo, komai abin da masu talla a Facebook da TikTok suka ce.

A cibiyoyin kula da masu tamowa, inda ake ba yara madara ta musamman da haɗin gyaɗa mai gina jiki, canjin yana bin tsari sananne. Insulin ne ke fara dawowa, IGF-1 ya biyo baya cikin kwanaki zuwa makonni, sinadarin girma kuma ya sauko. Nauyi ke fara nunawa a sikeli. Tsawo kan makara, sai yaron ya maido da mafi yawan naman jikinsa sannan ma'aunin tsayi ke fara motsawa, galibi bayan an sallame shi ya koma gida.